Furfura ta cika min gaban goshi, dayis zan sa ko lalle?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 37, yarana huɗu, furfura ta fara fito min tun bayan haihuwa ta uku, yanzu ta cika gaban goshi da gefen kunne ko ɗankwali na ɗaura sai ta leƙo. Ina saka rilaksa duk bayan wata biyu ko uku. Mai salun ɗin da nake zuwa tace in siyo shamfun nan da yake baƙanta gashi cikin minti biyar, yayata kuma tace lalle kawai zan riƙa sawa, ni kuma bana son kaina ya koma jawur kamar gemun dattawa. Wata ƙawata ma cewa tayi rina gashi baƙi haramun ne. Sannan shekara biyu da suka wuce an min baƙin lalle a bikin ƙanwata hannuna yayi ƙuraje masu ruwa daidai inda zanen ya bi, na daɗe ina fama kafin ya warke, ban sani ba ko wannan yana da alaƙa. Maigida bai taɓa cewa komai ba amma ni abin yana damuna, in na kalli madubi sai inji kamar na tsufa lokaci ɗaya. Wanne zan zaɓa?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar da kika sako a ƙarshe kamar bata da muhimmanci, ta ƙurajen hannu, da ita zan fara dan ita ce ta yanke rabin hukuncin. Dan girman Allah kar ki saka shamfun nan a kanki. Ko da kin riga kin siya ki mayar ko ki zubar.

Kinga baƙin lallen da ake mana a biki, wanda muke cewa dayis, ba ganyen lalle bane yake kawo baƙin, lalle na gaskiya ja yake yi ko ruwan goro mai duhu, bai taɓa yin baƙi wuluk cikin rabin awa ba. Abinda yake baƙantawa wani sinadari ne sunansa PPD, kuma shi ɗin dai shi ne a cikin yawancin man rina gashi baƙi. Ƙuraje masu ruwa da suka bi sawun zane alama ce babba ta cewa jikinki ya riga ya ɗauki gaba da wannan sinadarin, kuma irin wannan gabar bata wucewa dan an kwana biyu, yawanci har ƙarshen rayuwa take zama, sannan karo na biyu yakan fi na farko muni. A hannu kika sha wahala, toh ki ƙiyasta a fatar kai gaba ɗaya, wadda rilaksa ke ƙonawa lokaci lokaci. Akwai matan da fatar kansu ke tsattsafo da ruwa, goshi da fatar ido su kumbura har ido ya rufe, wuya da bayan kunne su saɓule, wasu ƙalilan ma numfashi ke musu wuya sai an kwasa zuwa asibiti da gudu. Kuma ba lallai abin ya nuna a take ba, yana iya kaiwa kwana ɗaya zuwa uku kafin ya tashi, shi yasa mace zata baro salun tana murna sai jibi fuska ta haye. Garin neman gira a rasa ido kenan.

A Turai doka ta kayyade cewa PPD kar ya wuce kashi 2 cikin ɗari na haɗin da za'a shafa a gashi, kuma ba'a yarda a zana shi a fata ba sam. Amma wani bincike da aka yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa aka buga a 2010 ya samu baƙin lallen da PPD ɗinsa ya kusa kashi 30 cikin ɗari. Shi yasa kwalin man rini da aka yi shi bisa dokar Turai zaki ga an rubuta ƙarara cewa duk wanda ya taɓa samun matsala da zanen baƙin lalle kar ya yi amfani dashi. Kamfanin da yake son kuɗinki ma da kansa yace ke kar ki siya.

Inda mata ke ruɗewa shi ne sunan da aka liƙa a gaban kwali. An kira shi shamfu, an zana hoton citta ko zaitun ko habbatus sauda, an rubuta babu ammoniya, sai mutum ya ɗauka ai ganye ne. Duk abinda zai mayar da farin gashi baƙi ƙirin cikin minti biyar ko goma ya kuma zauna makonni, rini ne na sinadari ko me aka kira shi. Ki lura sacet ɗin yawanci gida biyu ne, ko kwalbar tana fito da ruwa kala biyu, ɗaya sinadarin rinin ɗaya kuma hydrogen peroxide da yake tada shi. Na gari wanda ake kwaɓawa da ruwa irin su Bigen shima akwai PPD a ciki kuma a rubuce yake a jikin kwalin. Ki koyi juya kwali ki duba baya, in kika ga p-phenylenediamine ko PPD ki ajiye, in kika ga toluene-2,5-diamine shima ki ajiye dan ɗan uwansa ne, mata da dama da jikinsu baya son na farkon baya son na biyun. Kwalin da babu jerin abinda ke ciki ko babu lambar NAFDAC kuwa ba ma sai an tsaya magana ba.

Sauran masu karatu da basu taɓa samun matsala ba kuma suna son rini na kanti, ƙa'idar ita ce gwaji na awa 48, a kwaɓa kaɗan a ɗiga a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu a bari kwana biyu cur, in yayi ja ko ƙaiƙayi ko kumburi shikenan an haƙura, kuma duk sanda za'a sake rini sai an sake gwajin dan jiki na iya juyawa bayan shekara goma ana sawa lafiya. Ke kam ban ce ki gwada a gida ba, ke likitan fata zaki gani in kina son tabbatarwa, suna da gwajin da suke liƙawa a baya da ɗan mitsitsin sinadari, asibitocin koyarwa nan ne aka fi samun likitocin fata.

Yanzu ita furfurar. Nasan shekara 37 zaki ga kamar tayi sauri, kuma gaskiya mu baƙar fata tafi fara mana wajen shekara arba'in da wani abu, turawa kuma tun talatin da wani abu, amma likitoci basa kiranta ta wuri a wajenmu sai in ta fito kafin shekara 30. Taki ta ɗan yi sammako ne kawai. Kowane silin gashi a gindinsa akwai ƙwayoyin da suke zuba masa launi, in suka gaji suka daina sai gashin ya fito fari, kuma lokacin da zasu gaji gado ne yafi yanke shi, ki tambayi Hajiyarku ko gwaggonninki yaushe tasu ta fara zaki sha mamaki. Amma tunda kin ce bayan haihuwa ta fara, kuma haihuwa huɗu ba wasa bace ga jinin mace, zan so ki je a duba miki jini, musamman bitamin B12 da maƙoshi wato tayirod, dan ƙarancin B12 da matsalar tayirod suna cikin 'yan abubuwan da ke kawo furfura da wuri wanda kuma ana maganinsu. In kina yawan kasala, ko jin sanyi fiye da kowa, ko tafin ƙafa na miki jijjiga, ko gashin na zuba sosai, ki faɗa wa likitan duka. Damuwa ma tana da hannu, masu bincike a jami'ar Harvard sun nuna a 2020 a jikin ɓeraye yanda tsananin tashin hankali ke ƙarar da waɗannan ƙwayoyin launin. Banda wannan, duk mai tallan man da zai dawo miki da furfura baƙa daga gindi a WhatsApp ko TikTok, ko dai rini ne a ɓoye a ciki ko kuma kuɗinki kawai za'a ci. Man darbejiya, man kwakwa, chebe, karkashi duk suna gyara gashi su hana shi karyewa, amma basa mayar da fari baƙi.

Kuma ki daina tsigewa in kina yi. Ba gaskiya bane wai in an cire ɗaya goma ke fitowa, rami ɗaya gashi ɗaya yake fitarwa, sai dai wanda zai fito ɗin fari ne dai, gajere kuma a tsaye yafi na da fitowa fili, kuma yawan tsiga yana kashe ramin gaba ɗaya, gaban goshin da dama kitso da ɗaurin ɗankwali sun gama cinye shi. Ga kuma hadisin da ya hana tsige furfura ya kira ta haske ga musulmi.

Abinda nake so ki riƙe kafin ki zaɓi komai, gashi yana tsiro wajen santimita ɗaya a wata. Ko wane irin rini kika yi, bayan sati uku zuwa huɗu farin zai leƙo daga gindi, a gaban goshi kuma inda kowa ke gani. Kenan ba wai kina zaɓen abinda zaki sa sau ɗaya bane, kina zaɓen abinda fatar kanki zata riƙa sha duk wata na shekara ashirin ko talatin masu zuwa in Allah ya bamu rai. Mai salun tana duba yanda zaki fito ranar, ni kuma ina duba miki kan da zaki kai shekara hamsin dashi. Kuma baƙi wuluk ɗin nan shi yafi tona asiri, dan in farin ya tsiro sai ya ja layi fari tas a ƙarƙashin baƙi ƙirin, dole ki koma da wuri, launi mai ɗan sassauci irin ruwan ƙasa mai duhu shi yake sajewa da sabon tsiro ya baki ƙarin kwanaki.

Rinin kanti kala kala ne, a gurguje. Akwai mai zama dindindin, wanda ake haɗa kwalba biyu, yana buɗe jikin silin gashi ya shiga ciki, shi yafi rufe furfura kuma shi yafi cin gashi. Akwai matsakaici wanda shima ana haɗawa amma da sauƙi, yana kaiwa wanki ashirin da wani abu, sai dai yawancinsa akwai PPD ko ɗan uwan nan nasa, kenan ba naki bane. Sai na kwalba ɗaya da ba'a haɗa shi da komai, masu salun na ce masa rins, yana kwanciya ne a bayan gashi ya fita bayan wanki kaɗan, baya cin gashi amma baya rufe furfura sosai sai dai ya dusashe ta, ga shi yana ɓata matashi da ɗankwali in kika yi gumi. Wannan na ƙarshen yawanci babu PPD, amma mai irin jikinki sai ta karanta kwalba ta kuma ji ta bakin likita.

Ga kuma rilaksa. Ita kanta ta riga ta karya ƙarfin gashi shi yasa ya miƙe, in kika ɗora masa rini mai peroxide duka biyu kenan a wuri ɗaya, shi ne zaki ga mace gashinta yana gutsurewa a mataji gaba ya koma baya. Masu sana'ar da suka san aikinsu basa yin rilaksa da rini mai zama a rana ɗaya, sai an bada aƙalla sati biyu. Sannan akwai binciken da ya kamata mata su sani ba dan a tsorata ba, a Amurka an bi mata 46,709 aka fitar da sakamako a ƙarshen 2019, aka ga masu amfani da rini mai zama sun ɗan fi samun kansar mama da kashi 9 cikin ɗari, amma a cikin baƙaƙen mata ƙarin ya kai kashi 45, fararen kuma kashi 7. Masu rins kuwa kusan ba'a ga wani ƙari ba. Binciken bai ce rini ne ya jawo kansar kai tsaye ba, kuma duk matan da aka bi suna da 'yar uwa da ta taɓa yin ciwon, sannan wani babban bincike a kan ma'aikatan jinya da ya fito a 2020 bai ga alaƙa da yawancin kansa ba, sai dai kusan duk fararen fata ne a ciki. Ni dai abinda na ɗauka a ciki, in akwai hanya mai sauƙin sinadari ga abinda za'a yi ta maimaitawa shekara da shekaru, ita ya kamata a bi.

Maganar ƙawarki ta haramci, tana da tushe amma ba haka a dunƙule take ba. Rina furfura kansa sunna ce. A Sahihu Muslim ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa da gemunsa fari fat, Annabi SAW yace a canza wannan da wani abu amma a nisanci baƙi. A wani hadisin kuma na Abu Dawud da Tirmizi yace mafi kyan abinda ake canza furfura dashi lalle da katam, wani ganye ne da ke duhunta launin gashi. Akan baƙi zalla ne malamai suka saɓa, Imam Nawawi da wasu sun tafi akan haramci, a Risala kuwa da muka karanta a islamiyya cewa aka yi makaruhi ne ba haramun ba, kuma babu laifi da lalle da katam, wasu malaman ma sun sassauta wa matar aure in dan mijinta take kwalliya. Wanda kowa ya haɗu akai shi ne haramcin yin rini dan a yaudari wani, kamar a ɓoye wa mai neman aure shekaru. Ki ƙara tambayar malamin da kika yarda dashi, amma kinga hanyar da zan nuna miki ta fita daga saɓanin ma gaba ɗaya, dan ruwan ƙasa mai duhu babu wanda yace komai akansa.

Toh yayarki tayi gaskiya rabi. Lalle ne, amma ba lalle shi kaɗai ba. Lalle zalla akan farin gashi lemo yake fara yi sannan ya koma ja, abinda kike gudu kenan. Abokin tafiyarsa shi ne baba, ganyen nan da ake rini dashi, irin wanda marinar Ƙofar Mata a Kano ta shahara dashi tun ɗaruruwan shekaru. Shi shuɗi yake bayarwa, in ya hau kan jan lalle sai su haɗu su bada ruwan ƙasa har zuwa kusan baƙi, aikin da katam yake yi kenan a ƙasar Larabawa, an ruwaito Sayyidina Abubakar da lalle da katam yake rini. Amma ki ji da kyau, garin ganyen baba nake nufi, kore shar mai warin ɗanyen ganye, wanda masu kayan gyaran gashi ke sayarwa da sunan indigo. Ba ruwan karofi ba mai toka, ba kuma shunin kanti da masu rinin shadda ke haɗawa da soda ba, wannan zai ƙona miki kai. In aka miƙo miki gari baƙi ko ruwan toka aka ce indigo ne ko baƙin lalle na gashi, kar ki karɓa, dayis ne aka sake wa suna.

Lallen ma ki nemi na gaskiya. Wanda yafi kwanciyar hankali ki sayi busasshen ganye a kasuwa ki sa a daka miki, ki tankaɗe da rariya mai laushi sannan ki sake tacewa da tsohon gyale shara shara, dan in da tsaki tsaki a ciki fitar dashi daga irin gashinmu aiki ne. Na leda da kike gani wasu ana zuba musu kala, wasu gishirin ƙarfe, irin wannan in ya haɗu da rilaksa ko peroxide shi ke lalata gashi har ake ɗora wa lalle laifi. Na kwalba ko na kon da yake kamawa jawur cikin minti goma shima ba na kai bane.

Yanda zaki yi. Ki kwaɓa lallen da ruwan ɗumi, ko ruwan shayi da ya huce, kauri kamar kunun da ya ɗan kama jiki, ki rufe da leda ki ajiye, a zafin nan namu awa uku zuwa huɗu ya isa ya saki launi, lokacin sanyi ki bari ya kwana. In kika ɗiga a tafin hannu kika goge bayan 'yan mintuna kika ga lemo, ya nuna. Lemon tsami da ake cewa a matsa da yawa ki rage shi ƙwarai ko ki barshi, yana busar da gashi, mai rilaksa kuma bata da rarar danshi. Ki tsefe kai ki wanke da shamfu tas ba kwandishina ba mai, wannan wajen mata da yawa ke faɗuwa, kanmu kullum cikin man kaɗanya da basilin yake kuma launi baya kama gashi mai maiƙo. Ki shafa basilin a fatar goshi da kunne kawai, ki sa safar hannu, ki tsaga gashin kashi kashi ki cusa lallen tun daga gindi, ki fi bada ƙarfi a gaba da gefen kunne dan furfurar wajen tafi taurin kai. Ki rufe da leda ki ɗaura tsohon ɗankwali, awa uku zuwa huɗu, da rana zaki yi ba da dare ba kar ki kwana da jiƙaƙƙen kai. Ki wanke da ruwa zalla.

Zaki ga furfurar ta koma lemo, kar hankalinki ya tashi, rabin aikin kenan. A ranar ko washegari sai ki kwaɓa baban da ruwan ɗumi kawai, shi ba'a barinsa ya jira, minti goma zuwa sha biyar ki fara shafawa dan in ya daɗe a kwano ƙarfinsa tafiya yake. Ki rufe, minti arba'in zuwa awa ɗaya zai baki ruwan ƙasa mai duhu, in kika kai awa biyu zai kusa baƙi. Ki wanke da ruwa, ki bar shamfu da mai na kwana biyu, launin yana ƙara nuna a cikin kwana biyu zuwa uku dan haka kar ki yanke masa hukunci a ranar farko. Kar ki taɓa sa baba shi kaɗai akan farin gashi, kore kore mai shuɗi zai baki. Akwai masu haɗa su a kwano ɗaya su shafa lokaci guda, kashi ɗaya lalle kashi biyu baba, yafi sauƙi kuma yana yi wa mai furfura kaɗan, amma mai taurin gaban goshi irin taki hawa biyun nan yafi kama ta.

Bazan ɓoye miki wahalarsa ba. Yini guda yake ci, yana ɓata banɗaki, warin baba ba kowa ke so ba, kuma furfurar ba zata zama daidai da sauran gashin ɗari bisa ɗari ba, a rana zaki ga silin ruwan ƙasa a cikin baƙi, ni a idona hakan yafi kyau da kama da na halitta akan baƙin nan mai ƙyalli da kowa ya gani ya san rini ne. Baban yana ɗan sakin jiki bayan makonni jan ya fara leƙowa, sai an maimaita sau biyu uku yake zama sosai. Lalle kuma in ya kama ya kama, ba'a wanke shi, kuma duk gashin da ya sha baba kar a kuskura a sa masa bilicin mai cire launin gashi nan gaba, kore yake komawa. Yana kuma sa gashi ya ɗan yi tauri a kwanakin farko, dan haka bayan kwana biyun nan kiyi stimin da man kaɗanya ko man zaitun da kwandishina mai kyau kafin a miki kitso, kuma ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu a gaba. Daga baya ba sai kin riƙa bin kan duka ba, duk wata gindin gaba da gefe kawai zaki taɓa, cokali uku huɗu ya isa. Tsakaninsa da rilaksa ki bar sati biyu ko ta gaba ko ta baya, kuma in rilaksa ta ƙona ki sai ciwon ya warke tukunna. Da zaki ji tawa ma ki ƙara tazarar rilaksar zuwa wata uku ko huɗu, dan banda cin gashi tana sa furfura ta koma rawaya rawaya. Tunda akwai yara a gida, kar a ce bari a shafa wa jariri ragowar lallen, akwai yaran da ke da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, yana da yawa a ƙasar nan, lalle na iya fasa musu jini.

Alwala da wanka babu matsala da lalle da baba in an wanke ƙullun, launi ne kawai ya rage baya hana ruwa taɓa gashi. In biki ya taso tsakanin wata kuma farin ya leƙo, akwai ɗan abin shafawa kamar maskara ko hoda na gindin gashi da ke fita a wanki ɗaya, zai fidda ke kunya na yini, sai dai shi yana kwanciya ne a saman gashi dan haka ki wanke shi kafin wankan tsarki.

Sai maganar madubi, dan na ji ta a cikin wasiƙarki fiye da maganar rinin. Mace mai shekara 37 da ta haifi huɗu tana kula da gida bata tsufa ba ƙanwata, kuma ba laifi bane ki so ganin kanki yanda kike so, kwalliya haƙƙinki ce ko maigida ya lura ko bai lura ba. Amma tunda shiru yayi kar ki fassara shirun da kanki ki ɗora wa zuciyarki, ki tambaye shi cikin raha wanne yafi so, zai iya yiwuwa shi ko a jikinsa. Akwai matan da suka bar tasu haka nan suna gyara ta da mai da kitso mai kyau kuma wallahi tana musu kwarjini, in wata rana kika gaji da rini wannan ƙofar a buɗe take, kuma daga ruwan ƙasa komawa fari yafi sauƙi akan daga baƙi wuluk.

Kafin ki sa komai a kai, ki tara gashin da ke fita a mataji na 'yan kwanaki, ki tabbatar da fararen a ciki, ki wanke shi ki gwada lallen da baban a kansa kamar yanda na faɗa, ki duba shi a hasken rana bayan kwana uku. In yayi ja da yawa ki ƙara wa baban lokaci, in yayi duhu fiye da yanda kike so ki rage. Ki kuma ɗiga kowanne a cikin gwiwar hannu ki jira kwana biyu, dan ganye ma akwai jikin da baya karɓa, balle in an yi masa algus a kasuwa. In kika ji ƙaiƙayi mai zafi ko kumburi a kowane mataki ki wanke nan take, in fuska ko leɓe ya fara hawa ko numfashi ya canza kar ki tsaya shafa komai, asibiti kai tsaye. Ki rubuto min yanda gwajin jinin ya nuna. Allah ya ƙara lafiya ya raya zuri'a.